Kundin Aikin Folima: Bayanan Mako-Mako Daga Ƙungiyar Kimiyya ta 'Yan Firamare

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau shugabar makaranta ta amince a ba ni awa ɗaya da rabi kowace Alhamis bayan an tashi, domin in gwada koyar da 'yan aji biyar da aji shida wani yanki na ilimin sinadarai ta hanyar aikin hannu. Yara 24 ne suka ba da suna, shekarunsu daga 10 zuwa 12, rabi maza rabi mata, kuma na kasa su rukuni shida. Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje. Abin da ke hannunmu shi ne aji ɗaya mai tagogi biyu, da bokitai uku, da risho guda da na aro daga gida, da sirinji marasa allura waɗanda za mu riƙa awon ruwa da su.

Batun da na zaɓa shi ne folima. Sunan daga harshen Girka ya samo asali, rabinsa na farko yana nufin "da yawa", na biyun kuma "yanki", kuma masanin sinadarai na ƙasar Suwidin, Berzelius, shi ne ya fara amfani da shi a 1833, kodayake ma'anar da ya ba shi ta bambanta da wadda ake nufi yanzu. A yau folima shi ne duk abin da ƙwayoyinsa suke dogaye ƙwarai, waɗanda aka gina ta hanyar ƙulla ƙananan ƙwayoyi masu kama da juna, ɗaruruwa ko dubbai, ɗaya na bin ɗaya. Na daɗe ina juya kalmar da zan riƙa faɗa wa yaran. "Roba" ba za ta yi ba, domin a bakinmu roba ta haɗa bokiti da taya da takalmin silifa, amma ta bar auduga da tuwo a waje. Daga ƙarshe na tsaya a kan "sarƙa", tare da koya musu sunan folima ɗin kansa, tun da shi za su tarar idan sun je sakandare.

Kafin in koyar da komai, na jera abubuwa goma sha biyu a faranti: ledar fiya-wata, murfin gora, robar ɗaure kuɗi, auduga, sitaci, takarda, ƙaro, gashin tunkiya, gishiri, sukari, ƙusa da tsakuwa. Na ce musu wasu daga ciki dangin leda ne, su ware mini su. Kowane rukuni ya ɗauki murfin da robar ɗaure kuɗi. Rukuni biyu sun ƙara da ƙaro, wai don yana ƙyalli. Ba wanda ya taɓa auduga, ko sitaci, ko takarda, ko gashi, alhali duk huɗun folima ne. Na ajiye takardun amsoshinsu domin in gwada su da na gaba.

Alhamis, 16 ga Janairu

Darasin farko a filin makaranta muka yi shi, babu kwano babu cokali. Na ce kowane yaro ƙwaya ce mai zaman kanta, wato monoma, na umarce su su shiga aji su fito. Nan da nan duk suka wuce kamar ruwa daga bakin buta. Sai na sa suka riƙe hannun juna mutum shida-shida, maza da layukansu biyu, mata da nasu biyu, na ce layukan su ratsa juna sau da yawa sannan su sake nufar ƙofa. A nan aka cushe, wannan ya sarƙe da wancan, kuma sai da aka yi ta ja da lanƙwasa kafin a kuɓuta. A karo na uku kowane ɓangare ya fitar da mutum biyu suka zama gada, hannu ɗaya a kan wannan layi, ɗayan a kan wancan. Taron yana iya rangaji, yana iya miƙewa ya dawo, amma ya kasa ratsa ƙofar sam.

Da muka koma aji na maimaita abin da kilif na maƙala takarda: kofi ɗaya a warwatse, ɗaya an sarƙa su ashirin-ashirin. Na farkon yana zuba kamar tsaba, na biyun kuwa da ka ja guda sai rabin kofin ya biyo. Wata yarinya 'yar aji shida ta ce, "Malam, ai kamar carbi ne." Kafin in amsa wani yaro ya ce a'a, carbi yana da zare a ciki, wannan kuwa su da kansu suka kama juna. Yaron ya fi gaskiya, kuma na ji daɗin cewa ba daga bakina gyaran ya fito ba.

Na ba su labarin Hermann Staudinger, Bajamushen da ya fito a 1920 ya ce roba da sitaci da audugar saƙa duk dogayen sarƙoƙi ne na haƙiƙa. Manyan masana na zamaninsa da yawa sun ƙi yarda, suna ganin ƙananan ƙwayoyi ne kawai suka dunƙule wuri ɗaya, kuma sai a 1953 aka ba shi kyautar Nobel a kan wannan magana. Yaran sun lissafa da kansu cewa shekara 33 ke nan.

Alhamis, 23 ga Janairu

Ranar leda. Kowane rukuni ya sami fiya-wata biyu da fensira masu tsini. Da aka soka fensir ya shiga ta gefe ɗaya ya ɓullo ta ɗayan, ruwan bai zuba ba, sai ɗan ɗigo a wajen waɗanda fensirinsu ke da kusurwa. Bayanin shi ne sarƙoƙin ledar suna matsawa su ba tsinin hanya, sannan su rungume jikin fensirin. Na hana su cirewa a cikin aji, amma an cire, kuma mun yi shara.

Abin da ya fi amfani ya zo bayan haka, kuma ba shi da armashin kallo. Mun yanka ledar da ta ƙare siri-siri, faɗin yatsa biyu, na ce a ja a hankali. Da farko tana miƙewa cikin sauƙi, sai wani wuri ya tsuke ya yi wuya, tsukewar ta riƙa tafiya har ta cinye tsawon, daga nan kuma ledar ta yi tauri har tana shiga fatar yatsa kafin ta tsinke. Sarƙoƙin da suke a cukurkuɗe ne suka miƙe suka jeru gefe ɗaya. Don in tabbatar musu, na zare zare ɗaya daga tsohon buhun shinkafa na ba kowa. Ba wanda ya iya tsinka shi ta tsawo, amma da farce kawai ana tsaga shi biyu, a sake tsagawa, har ya koma kamar gashi. Masu yin buhu suna jan zaren tun a masana'anta domin sarƙoƙin su kwanta ta fuska ɗaya, shi ya sa ƙarfinsa duk yake ta tsawo. Ina ganin wannan zare na buhu, wanda ban kashe ko kwabo a kansa ba, ya fi duk abin da na tanada bayyana maganar.

Ledar fiya-wata foliyetilin ce, wadda aka gano bisa tsautsayi a wani kamfanin sinadarai na Ingila a 1933, kuma a cikin sarƙarta ba komai sai kabon da haidurojin. Zaren buhu kuwa folifurofilin ne. Ana yin ƙwayoyin duka biyun a masana'antar Eleme kusa da Fatakwal, daga iskar gas. Na fito da naira 50 ta leda, wadda ita ma folifurofilin ce, muka tsoma ta a ruwa tare da 'yar takarda. Ita ta fito an goge ta bushe, takardar ta jiƙe ta yi laushi. Naira 20 ce aka fara yi da leda a 2007, sannan 5 da 10 da 50 suka biyo a 2009, ƙasar Ostireliya kuma ita ta fara irin wannan kuɗi a 1988. Wani ya nemi a gwada yaga ta, na ce doka ta hana wulaƙanta naira, kuma kuɗin nawa ne.

Kafin a tashi mun haƙa rami mai zurfin taƙi ɗaya a bayan aji, muka binne ledar fiya-wata, da ƙyallen auduga, da takarda, da zaren buhu, muka kafa sanda a kan kowanne. Da yake hunturu ne ƙasar a bushe take, an ɗora wa rukuni na uku zuba ruwa sau biyu a mako.

Asabar, 25 ga Janairu

Na sami boras, wani farin garin sinadari da za mu haɗa da gam a darasi na gaba, a wurin wani maƙerin zinariya, wanda yake amfani da shi wajen liƙa ƙarfe, kuma ya ƙi karɓar kuɗi da ya ji na yara ne. Gwajin da na yi a gida ya cece ni daga kunya: gam ɗin liƙa takarda da na fara saya bai yi komai da boras ba, farin gam na kafintoci ne ya kama. Awon da na tsaya a kai shi ne cokalin shayi ɗaya na boras, a shafe, cikin ruwan ɗumi mililita 250. Boras ba abin ci ba ne, kuma yana iya damun fatar da ta tsage, don haka ni kaɗai zan riƙe gorarsa, duk mai faso a hannu zai sa leda, kuma ba wanda zai tafi da abin gida inda akwai ƙannen da ke kai komai baki.

Alhamis, 30 ga Janairu

Kowane rukuni ya auna gam mililita 20 da ruwa mililita 20 ya gauraya, ni kuma na bi ina zuba ruwan boras kaɗan-kaɗan suna juyawa da tsinke. Kafin a kai mililita 15 abin ya kama tsinken ya taso daga kofi gaba ɗaya. Idan an ja shi a hankali yana miƙewa har ya kai tsawon hannu, idan an fizge shi ya tsinke ƙat kamar an yanka da reza, idan an mulmula an jefa ya yi tsalle, idan kuma an ajiye shi a tebur ya baje sannu a hankali. Gam ɗin yana ɗauke da dogayen sarƙoƙi da ke zamewa a kan juna, boras ɗin kuma shi ne yaran nan da suka zama gada a filin makaranta, sai dai gadarsa tana saki tana sake kamawa a wani wurin. In an ba ta lokaci sai ta saki ta koma gaba, abin ya miƙe. In an yi mata gaggawa sai ta karye. Na kwatanta musu da gadar da ba ta saki, irin wadda Charles Goodyear ya samu a 1839 lokacin da ya dafa danƙon itace da farar wuta, wadda ita ce ta sa taya ba ta narkewa a kan kwalta a watan Afrilu.

Wata yarinya ta tambaya ko kanwa za ta yi aikin boras, tun da mahaifiyarta tana jefa ta a miyar kuɓewa don ta ƙara yauƙi. Na aika aka karɓo kanwa daga wajen mai abinci, muka jiƙa muka zuba a sabon gam. Bai ba mu abin da boras ya bayar ba, domin kanwa ba ta da sinadarin da ke kama sarƙa biyu lokaci ɗaya. Sannan muka matsa lemun tsami a kan wanda ya riga ya kama, muka murza, ya saki ya koma ruwa-ruwa, saboda tsami yana warware gadar.

Duk da haka ban gamsu da ranar ba. Hayaniya ta yi yawa, rukuni biyu kaɗai suka rubuta abin da suka gani, kuma da na tambayi wani yaro me boras ya yi, sai ya ce ya sa gam ya yi daɗi. A iya sanina wannan ne darasin da suka fi so, kuma ina zargin shi ne wanda suka fi ƙarancin ɗaukar wani abu daga cikinsa.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Mun yi leda daga sitacin rogo, irin wanda masu wanki da guga ke sa wa shadda. Awon kowace tukunya: babban cokali ɗaya na sitaci, huɗu na ruwa, ƙaramin cokali ɗaya na binega. Abin da muka sauya shi ne gilisarin, wanda na saya a kemis inda ake sayar da shi don shafawa lokacin sanyi. Tukunya ta farko ba mu sa ba, ta biyu ƙaramin cokali ɗaya, ta uku biyu. Ni na riƙe risho, su suka riƙa juyawa bi da bi. Ruwan yana fari kamar madara, sai a wani lokaci, tun bai tafasa ba, ya juye ya yi kauri ya zama garai-garai. Sitacin rogo yana yin haka ne idan zafi ya kai wajen digiri 60 zuwa 70, lokacin da ƙwayoyin garinsa ke kumbura su fashe su saki sarƙoƙin da ke ƙunshe a ciki. Duk yarinyar da ta taɓa dama koko ta san wannan juyi, kuma su suka riƙa gaya wa maza cewa ya kusa. Mun shafa kowanne siri-siri a bayan faranti muka rufe da rariya saboda ƙura.

Akwai wani wasa da ake yawan haɗawa da darasin folima, na ɗanyen sitaci da aka kwaɓa da ruwa kaɗan, wanda ke yin tauri idan an buge shi kuma ya narke idan an sake shi, kamar yadda kamu ke yi wa cokali a gindin roba. Na bar su sun taɓa, amma na gaya musu a fili cewa wannan ba aikin sarƙa ba ne. A ɗanyen sitaci sarƙoƙin suna kulle a cikin ƙwayoyin garin, kuma ƙwayoyin ne ke cunkushewa idan an matsa musu da sauri. Wanda ya koyar da shi a matsayin sarƙewar folima ya koyar da kuskure, ko da yara sun yi tafi.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Iskar hunturu ta busar da su cikin kwana biyu. Wanda ba gilisarin ya nannaɗe ya farfashe kamar ɓawon albasa. Na cokali ɗaya ya ɓanɓaru lafiya, yana lanƙwasa, har ana karanta rubutu ta cikinsa. Na cokali biyu ya yi taushi da danƙo, ya kwashi ƙura duk da rariyar. Gilisarin ƙaramar ƙwaya ce da ke shiga tsakanin sarƙoƙi ta ba su damar zamewa. Mun yanki rabin na biyun muka ƙara a ramin bayan aji.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na dawo da farantin ranar farko, na ƙara masa zuma da man gyaɗa da ɓallin ƙaho da guntun itace. Akwai ci gaba: kowane rukuni ya ɗauki sitaci, biyar sun ɗauki ƙaro, huɗu sun ɗauki auduga. Amma duk rukuni shidan sun ɗauki zuma, uku sun ɗauki man gyaɗa, kuma ba wanda ya ɗauki ƙaho ko itace. Da na tambayi dalili, amsar ɗaya ce a bakin kowa: folima shi ne abin da ke da yauƙi ko danƙo.

Laifin nawa ne, ba nasu ba. Wata guda ina sa hannunsu a cikin gam da talge da abubuwa masu ja, don haka suka fitar da ƙa'idar da ta dace da duk abin da na nuna musu. Sun bar kuskuren da suka zo da shi, na cewa folima leda ce kawai, sun ɗauki sabo wanda ni na ba su, kuma sabon ya fi wuyar cirewa domin hannunsu ya shaida shi. Na soke darasin madara da na shirya wa mako mai zuwa. Da na koma gida na jiƙa dawa kwano ɗaya, gobe in shimfiɗa ta a ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu ta yi tsiro.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na zo da kofuna uku na ruwa, kowanne mililita 200. A na farko muka zuba babban cokali na zuma, a na biyu babban cokali na dakakken ƙaro da na jiƙa tun jiya, a na uku ƙaramin cokali ɗaya tak na garin busasshiyar kuɓewa. Kafin a juya na sa kowa ya rubuta wanda yake tsammanin zai fi yauƙi, kuma mafi yawansu zuma suka rubuta. Zumar ta narke ta ɓace, ruwan ya koma tsararo. Ƙaron ma bai ja zare ba. Kuɓewar, wadda ita ce mafi ƙanƙanta a awo, bayan 'yan mintoci ta kama kofin duka, har cokali yana tasowa da igiya.

Daga nan muka bi su ɗaya-ɗaya. Zuma ƙananan ƙwayoyin sukari ce, gulukos da furuktos, kuma kaurinta ya zo ne daga ƙarancin ruwa, wanda bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Da an ƙara ruwa kowace ƙwaya ta kama gabanta, kamar yaran da suka shige ƙofa ɗai-ɗai. Yauƙin kuɓewa dogayen sarƙoƙi ne, shi ya sa kaɗan daga ciki ke isa ya sarƙe ruwa mai yawa. Ƙaro kuwa folima ne, amma sarƙarsa mai rassa ce a dunƙule kamar ƙaya, ba ta miƙe ba balle ta kama ta kusa, don haka ruwa yana ɗaukar mai yawa bai yi kauri sosai ba. Ga abu mai danƙo da ba folima ba, ga folima marar yauƙi, duk a tebur ɗaya.

A kan ƙaro yaran sun fi ni bayani, domin kusan dukansu suna zuwa makarantar allo kuma sun san da shi ake haɗa tawada. Mun kwaɓa baƙin gindin tukunya da ruwa zalla, muka kwaɓa wani da ruwan ƙaro, muka yi rubutu a guntun katako. Da suka bushe, na farkon ya bi yatsa ya goge, na biyun ya zauna yana sheƙi. Ƙaron ne ke lulluɓe baƙin ya hana shi kwanciya a gindin kurtu, sannan ya manne shi a kan allo, kuma da yake yana narkewa a ruwa ana iya wanke allon. Na ƙara musu da cewa wannan ƙaro na itacen ɗakwara, da ake tsinta a Yobe da Borno da Jigawa, shi ne ake sa wa lemon kwalba da alewa a ƙasashen waje da lamba E414, kuma Sudan ce ta fi kowa fitar da shi.

Sai muka zo kan tsiro. Na shanya dawar da ta tsira, na niƙa, na jiƙa garin na tace, na zo da ruwan a gora biyu, ɗaya ɗanye ɗaya na tafasa shi. Mun dama koko mai kauri ƙwarai, irin wanda cokali ke tsayawa a ciki, muka raba kofi uku muka jira ya huce har yatsa ya iya jurewa. Na farko ya sami cokali biyu na ruwa zalla, na biyu na tafasasshen ruwan tsiro, na uku na ɗanyen. Na ce a riƙa juyawa ana kallon agogo. Bayan minti goma na farko da na biyu suna nan yadda suke, na ukun kuwa ya tsinke har ana tsiyaya shi daga kofi zuwa kofi. Ajin ya yi tsit, abin da bai taɓa faruwa ba tun da muka fara. Na tambaya me ya faru, tun da awon ruwan da aka ƙara ɗaya ne. Yaron nan da ya yi gyara a kan carbi ya ɗauko sarƙar kilif daga tebur ya ɓalle ta gida huɗu ya ajiye, bai ce uffan ba.

Abin da ke cikin tsiro sinadari ne da ake kira amiles, wanda hatsi ke fitarwa idan ya fara tsira domin ya daddatse sitacinsa ya ciyar da sabon tsiro, kuma tafasa tana kashe shi. Irinsa yana cikin yawun bakinmu. Shi ne dalilin da masu kunun zaƙi ke sa tsiro ko ɗanyen dankalin Hausa, kunun ya tsinke ya yi zaƙi. Idan aka datse sarƙar sitaci har ƙarshe, gulukos ake samu, wato ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke cikin zuma. Wata yarinya ta ce ashe zuma monoma ce, sitaci kuma folima. Maganar ba ta cika daidai ba, domin zuma gauraye ce ta abubuwa da dama, amma na bar ta haka a yau.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Mun tone ramin bayan kwana 35. Ledar sitaci, wadda ta yi kwana 17 kacal, ba mu ga ko alamarta ba. Takardar ta zama tsumma, ƙyallen auduga kuma ya huje a wurare da dama, kuma a jikinsu duka biyun akwai ƙasar gara. Ledar fiya-wata da zaren buhu an wanke su sun fito kamar yau aka binne, har rubutun jikin ledar yana karantuwa. Rukuni na uku sun yi gardama cewa gara ta ɓata gwajin, rukuni na biyar suka ce ai gara ma cikin ƙasa take. Na ce a rubuta ra'ayin biyun, kuma a karo na gaba za mu binne kashi ɗaya a cikin tukunyar ƙasa da aka ɗora a kan bulo.

Tambayar da nake jira ta fito da kanta: idan auduga sarƙa ce, leda ma sarƙa ce, me ya sa gara ta ci ɗaya ta bar ɗaya? Na ce auduga da takarda da itace duk selulos ne, sarƙar gulukos kamar sitaci, sai dai ƙullin ya bambanta, shi ya sa cikinmu ke narkar da tuwo amma ba ya narkar da tsumma. Gara da shanu suna da ƙananan halittu a cikinsu masu almakashin wannan ƙulli. Sarƙar leda kuwa kabon ne ya kama kabon tun daga farko har ƙarshe, ba ta kai shekara ɗari a duniya ba, kuma halittun ƙasa ba su da almakashin da ke datse ta da sauri. Wani yaro ɗan gidan mahauta ya ce ya sha ganin an ciro dunƙulen leda daga tumbin akuya, ya kwatanta girmansa da hannu biyu. Na ba su ƙaho da itace suka sake dubawa, kuma rukuni huɗu sun mai da itace cikin dangin folima tun ban tambaya ba. Ƙaho har yanzu yana ba su wahala, don haka sai na nemi hanyar nuna musu cewa shi da gashi da farce abu ɗaya ne, wato furotin.

Azumi zai kama cikin kwana biyu ko uku, saboda haka zaman Alhamis ya tsaya sai bayan Salla. Darasin madara da binega yana nan, amma zan yi shi da kofi ɗaya ga ajin duka, domin malamar da ke taimaka mini ta ce iyaye ba za su ji daɗin a ɓata madara kofi shida ba, kuma tana da gaskiya. Wataƙila ma mu roƙi mai awara ta zo ta nuna yadda ruwan tsami ke kama madarar waken suya, tun da hikimar ɗaya ce. Bayan shi akwai ware robobi ta hanyar nitso da yawo a ruwa zalla da ruwan gishiri, kuma na ba kowane yaro aikin tara gutsattsarin roba masu lamba 1 zuwa 6 a gindinsu. Lamba 3 da lamba 6 su ne za su yi wuyar samu, don haka na yi magana da wani mai aikin famfo ya ajiye mini guntayen bututu. Ledar fiya-wata da zaren buhun mun mai da su cikin ramin, mun sake kafa sandunansu, kuma rukuni na uku sun rubuta a bangon aji cewa za a sake tonowa mako biyu bayan ruwan farko.